Mai Marfi da Baƙuwar Iya Delu

Duk wanda ya san kakana Malam Habu ya san marfin nan. Marfin kwalbar lemo ne, na ƙarfe, ya sha hannu har fentinsa ya goge, kuma mazauninsa cikin lanƙwasar hularsa ne, daidai saman kunnen dama. In za a zuba sukari a koko, sai ya kai hannu kunne. In gishiri ne, ya kai hannu kunne. Har maganin tarin da likita ya ce a sha cokali biyu, da marfin ya auna, ya ce likitan yaro ne, bai san wahalar duniya ba. Magana ɗaya ce a bakinsa: "Marfi ɗaya ya isa." Shi ya sa daga ƙauyenmu har kasuwar Tofa, in ka ce Malam Habu sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Mai Marfi, ko baƙon jiya zai nuna maka gidan.

Ni Dije a hannunsu na tashi, shi da kakata Iya Delu, don haka kada wani ya zo ya ce zai ba ni labarinsa. Ni ce na sha kokon da sai ka kai gindin kwano kana fatan cin karo da zaƙi. Tsoho nake ce masa, shi kuma ya ce mini 'Yar Ɓarna, wai don ya taɓa kama ni na ƙyasta ashana biyu a kan murhu ɗaya. Har na yi aure a gidan da ke jikin nasu, har na haifi uku, sunan bai bar ni ba.

Kun dai san gonakinmu. Ba su da girma, ba sa hutawa, iyakar wannan tana jikin ta wancan, in ba ka ba ƙasa taki ba ita ma ba ta ba ka komai. Mutane sukan cika hannu da takin zamani su watsa, su wuce. Tsoho kuwa sai ya durƙusa a gindin kowace masara, ya huda ƙasa da tsinke, ya juye marfi ɗaya, ya rufe da diddige. Ana yi masa dariya, amma da kaka rumbunsa ne yake fara cika, kuma wannan ne ya fi ba mutane haushi.

Wata shekara aka turo wani malamin gona a kan babur, ya tara manoma a gindin ɗorawa, ya ce ya zo da sabon ilimi: a daina watsa taki, a riƙa aunawa da marfin kwalba. Har ya zaro nasa sabo fil yana nunawa. Tsoho ya miƙe a hankali, ya kai hannu kunne.

"Yaro, shekarunka nawa?"

"Talatin da biyu, Baba."

Ya ɗaga marfinsa sama. "To wannan ya girme ka. Gaishe shi."

Wallahi sai da malamin ya ce, "Ina wuni."

To, ana nan sai Baƙuwa ta zo gidan. Gwaggo Rabi ce ta kawo ta, autarsu, wadda take yi wa wata malamar jami'a girki a Rijiyar Zaki. Malamar mutuniyar wata ƙasa ce mai nisa a hayin teku, da za ta koma garinsu sai ta bar wa Gwaggo wata shuka a tukunya. Ban taɓa ganin irinta ba. Ganye huɗu ne masu kauri kamar harshen saniya, saiwoyinta farare sun leƙo waje, kuma babu ƙasa ko ta ɗebe kewa a tukunyar, gawayi ne kawai da ɓawon kwakwa. Gwaggo ta ce a can garinsu a jikin bishiya take fitowa, cikin daji mai ruwa, ba ta son rana, ba ta son a jiƙa ta da yawa. Sunanta na Turanci ya gagari kowa a gidan, sai Iya ta raɗa mata Baƙuwa.

Gwaggo ta nuna mana hoton furen a wayarta: farare tas, a jere a jikin sanda, kamar malam-buɗe-littafi sun sauka suna hutawa. Iya ta riƙe wayar nan ta ƙi saki. Ta ce, "Ni dai Allah ya nuna mini wannan da idona."

Tsoho ya sunkuyo ya leƙa tukunyar. "Ana miya da ita?"

"A'a, Baba."

"Akuya na ci?"

"Kada ma ta kusance ta!"

"Tana maganin shawara?"

"Baba, kallonta ake yi."

"Kallo! To ni ma ga ni nan, a kalle ni, ba sai an ba ni taki ba."

Iya ba ta kula shi ba. Ta ajiye Baƙuwa a gindin randa, inda yashi ke da danshi kullum, in zafi ya matsa ta jiƙa buhu ta yi mata rumfa. Gwaggo ta ce malamar tana jiƙa mata wani abinci a ruwa, amma ba ta san ko mene ne ba. Da damina ta faɗi aka buɗe buhun taki, sai Iya ta ce, "Malam, a san mini marfi ɗaya mana, in jiƙa wa Baƙuwa."

Ya ce, "Abin da ba ya shiga rumbu ba ya cin takina."

Damina uku tana roƙo, damina uku amsar ba ta sauya ba. Ita kuma Iya ba mai taɓa kayan miji ba ce a bayan idonsa. Baƙuwa ba ta mutu ba, amma ko alamar fure ba ta yi ba. A kakar shekara ta uku Iya ta kwanta ciwo, kwana takwas, Allah ya karɓi abarsa.

Bayan an yi sadakar arba'in na shiga in ɗauki tukunyar in mayar wa Gwaggo, don ban ga mai kula da ita ba. Sai na tarar da Tsoho a tsugune a gabanta.

"Ajiye," ya ce.

Na ce bari in ɗan tsokane shi ko ya saki rai. "Tsoho, ba ta shiga rumbu fa."

Bai yi dariya ba. "Marfi ɗaya ta roƙe ni, Dije. Ɗaya. Shekara uku." Sannan ya ce, "Ina roƙon Allah kada in bi ta sai abin nan ya yi furen da ta so gani. In na je haka, in ce mata me?"

Daga ranar nan Baƙuwa ta zama aikinsa. Ya ce sai an je an tambayi masu sani. Ya sa tukunyar a kwando, ya lulluɓe da zanin Iya, muka shiga mota zuwa Rijiyar Zaki, yana rungume da ita yana harar duk wanda ya matso. Da kwandasta ya ce a kawo kayan a ɗora a sama, Tsoho ya ce, "Kai ka hau saman, ita tana nan."

Muka sami wani mai sayar da furanni a bakin titi. Da ya buɗe zanin sai ya ce, "Kai, Baba, ina ka samo wannan? Ba a cika ganinta a nan ba." Ya ɗauko wata 'yar kwalba ta takin ruwa, ya ce, "Ita ba ta son ci da yawa. Rabin marfin kwalbar nan a bokiti guda, duk sati biyu. In sanyi ya shigo ma a rage."

Tsoho ya kama hannunsa. "Sake faɗa."

"Rabin marfi, Baba."

"Allahu akbar! Rabi! Dije, kin ji? Shekara saba'in ina neman mai hali irin nawa, ashe tana gindin randata!"

Kuna tsammanin ya sayi kwalbar? Ina! Ya ce shi yana da takin kamfa a gida, irin wanda yake ba masara, ko zai yi? Mutumin ya ce zai yi in an narkar da shi ƙwarai, amma ƙwayoyi kaɗan. Tsoho ya ce ƙwaya nawa. Mutumin ya gaji, ya ce kamar goma a bokiti, kuma da ruwan sama, don ruwan rijiya in yana da zartsi yana ƙona saiwa.

Tsoho ya gyara hula. "Bakwai ma ya isa."

Haka aka yi. Da damina ta faɗi ya ware tulu guda ya tari ruwan sama, ya zauna a tabarma yana ƙirga ƙwayar taki kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Bakwai, ba takwas ba. Ya daka su da bayan marfi, ya zuba a tulun, ya rufe da faifai. Duk Juma'a ta biyu, bayan an sauko daga masallaci, sai ya ɗiga wa Baƙuwa rabin moɗa a kan gawayin, ya jira ruwan ya tsane, don an ce masa ba ta son zama cikin ruwa. Kafin damina ta wuce kuma ya cika wasu tuluna uku na ajiya, ya hana kowa taɓawa.

Wata rana da azahar abokinsa Malam Tanko, wanda suke tsokanar juna tun suna samari, ya shigo daga gona da ƙishirwa. Bai tambayi kowa ba, ya buɗe tulun farko da ya gani, ya cika moɗa ya shanye, ya ƙara. Tsoho ya fito daga ɗaki ya ga faifai a ƙasa.

"Innalillahi! Tanko, wane tulu ka sha?"

"Wannan. Kai, ruwan nan da sanyi."

"Ka shanye mata abincin wata biyu!"

Da Malam Tanko ya gane taki ya sha, sai ido ya raina fata. Ya kama ciki. "Habu, ka kashe ni! A kira mai babur!"

"Ƙwaya bakwai ce a tulu, ko ƙadangare ba za ta kashe ba. Zauna." Ya ƙare masa kallo tun daga sama har ƙasa. "Amma in ka ji wani abu yana tsiro maka a ka, ka zo in gani. Ni dai fure nake nema, ko a jikin wa ya fito."

Har Tsoho ya bar duniya, in sun haɗu a masallaci sai ya ɗaga wa Malam Tanko hula ya duba.

Yanzu kuma bari in faɗi nawa laifin, tun kafin wani ya faɗa mini. Shekara ta zagayo, Baƙuwa ta yi sababbin ganye biyu, fure kuwa shiru. Ni a raina na gama yanke hukunci: yunwa ce. Ni 'yar manoma ce, jikar manoma, na san abin da shuka take so. Ina aka taɓa jin an ciyar da rai da ƙwaya bakwai? Ya hana Iya sukari, ya hana ni, yanzu kuma ya samu wadda ba ta da bakin magana.

Sai aka yi masa rasuwar ɗan'uwa a Shanono, ya tafi ta'aziyya ta kwana shida. Da zai fita ya ce, "'Yar Ɓarna, kada ki ba ta komai. Ko kallo ma ki rage."

Lokacin kuwa ana yi wa masara taki na biyu, ga ragowar yuriya a gindin buhu. Ko ƙurar motarsu ba ta kwanta ba na ɗauko tukunyar. Na zazzage gawayin nan, na ce an gama gasa ki. Na je turken awaki na ɗebo ƙasa baƙa wuluk mai taki, na cika tukunya, na danna saiwoyin ciki na rufe musu asiri. Na kawo yuriya cikin hannu, hannu sosai ba na rowa ba, na barbaɗa, na kwarara ruwan rijiya har ya kwanta. Matan maƙwabta suka zo suka gani, suka sa mini albarka. Ɗaya ta ce, "Yau dai Baƙuwa ta san gidan mutane ta zo."

Kwana biyu ina zagaya ta ina jiran godiya. Ran na huɗu ganyen suka yi laushi, suka yamutse kamar fatar tsohuwa. Ran na biyar biyu suka yi rawaya suka faɗi, tukunyar ta fara wari. Ranar ban iya cin tuwo ba. Ba faɗan Tsoho nake tsoro ba, wannan na saba. Maganar da ya yi mini a gindin randa ce take dawo mini.

Ya dawo da hantsi. Ko ruwa bai sha ba ya wuce gindin randa. Na tsaya a bayansa ina jiran tsawa, kuma wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya juye tukunyar a kan faifai, ya ɗauko ruwan samansa, ya wanke saiwoyin ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu sun yi baƙi sun ruɓe. Ya ɗauko askarsa ya gasa a wuta, ya yanke duk wadda ta mutu. Biyu suka rage, ƙanana. Ya fasa sabon gawayi ya wanke, ya mayar da ita.

Sannan ya ce, "Dama mini koko."

Na dama na kawo. Ya jawo gwangwanin sukari, bai kai hannu kunne ba. Ya cika tafinsa ya zuba, ya sake cikawa ya zuba, ya sake. Ya juya, ya miƙo mini. "Sha."

Na kurɓa. Zaƙin ya hau mini kai har haƙorana suka amsa. Na ce, "Tsoho, ya yi yawa."

"Ƙara."

"Wallahi ba zan iya ba."

"To ke kina da baki, kin ce ya isa. Ita fa?"

Na fashe da kuka, uwar 'ya'ya uku, kamar yarinya. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya leƙa kwanon, ya leƙa gwangwanin, fuskarsa ta sauya. "Subhanallahi. Sukarin wata guda ke nan na zubar saboda ke. Kada ki zubar da kokon nan, ki raba shi kwano goma ki ƙara ruwa." Kwana uku muna shan kokon nan.

Baƙuwa ta daɗe tana jinya. Wata uku bai ba ta komai ba sai ruwan sama, sannan ya koma ba ta taki, wai ƙwaya huɗu, don marar lafiya ba a cika masa ciki. A hankali wata saiwa mai koren baki ta leƙo, wata ta biyo ta, ganye ya fito. Shi kuma a wannan tsakanin ƙafa ta fara gagararsa, gona ma sai dai a ba shi labari. Ina kallonsu su biyun, ita tana ƙaruwa shi yana raguwa, ina lissafin shekarar da na cinye masa da hannuna. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma kullum sai na roƙi Allah kada ya tafi ya bar ni da wannan.

Da sanyin shekara ta biyu ya shigo, wata safiya na ji yana ƙwala mini kira ta katanga. Na zo a guje, na ɗauka faɗuwa ya yi. Ya nuna mini wani ɗan tsiro tsakanin ganye.

Na ce, "Saiwa ce."

"Saiwa ƙasa take kallo. Wannan sama take kallo. Ke da kika kusa kashe ta, yau kuma kin zama likitarta?"

Shi ne da gaskiya. Sandar ta yi ta tsawo, ta fitar da 'yan ƙulli biyar. Ya kife mata kwandon kaji, ya dawo da tabarmarsa gindin randa, ya ajiye sanda a gefe. Duk kazar da ta gifta sai ta sha jifa. Malam Tanko ya zo dubiya ya ce, "Habu, ko amarya ba a tsare ta haka." Tsoho ya ce, "Kai dai matsa daga jikin tulu."

Ranar da furen ya buɗe, da sassafe ne, na kawo masa koko. Ya ɗage kwandon. Fari tas, da ɗan ja-ja a tsakiya, ya fi na hoton kyau. Ya daɗe yana kallo. Na ɗauka zai ce wani abin dariya, sai ya ce, "Kama ni in tashi."

Ya ɗauki tukunyar da kansa, ya ƙi in taya shi. Ya taka a hankali har ɗakin Iya, wanda tun rasuwarta ba ya shiga. Ya ɗora ta a kan gadonta, wajen da haske ke shigowa. Ni tunda na yi wayo ban taɓa jin ya kira sunanta ba, kullum "ke" ne ko "mai ɗaki". Ranar na ji.

"Delu, ga shi. Na makara. Ki yafe mini."

Na koma tsakar gida na ba shi wuri. Da ya fito idonsa ja, ya zauna, ya jawo kwanon kokon da na kawo, ya kai hannu kunne. Ya auna sukari marfi ɗaya ya zuba. Sai ya sake aunawa ya zuba, ya turo mini kwanon.

Na ce, "Tsoho, lafiya?"

"Ɗaya naki, ɗaya nata." Ya mayar da marfin cikin hula. "Kada ki saba."

Furen nan biyar suka buɗe duka, suka yi wajen wata biyu. Mutane suka yi ta zuwa kallo har daga ƙauyukan da ke kusa, yana zaune a bakin ƙofa yana cewa a shiga bibbiyu, kada a cinye mata iska. Saura fure ɗaya a jikin sandar Allah ya yi masa rasuwa, ranar wata Alhamis, bayan ya yi sallar azahar a zaune.

Da aka cire hularsa marfin ya faɗo, Gwaggo Rabi ta tsince shi ta damƙa mini. Baƙuwa tana wajena yanzu, a gindin randata, kuma ƙwaya bakwai nake ƙirga mata, ko da wasa ban taɓa kaiwa takwas ba.

Allah ya jiƙan Tsoho, ya jiƙan Iya Delu, ya haɗa su a inda fure ba ya makara. Ya Ubangiji, bawanka Habu ya yi rayuwarsa yana awo da marfi, amma Kai kada ka auna masa. Ka kwarara masa rahama hannu biyu, har sai ya ce ya isa, sannan ka ƙara masa. Amin.